Layin nan na wa ne, na ciki ko na waje?

Har yanzu akwai waɗanda in ka tuna musu ƙwallon da Japan ta ci Sifaniya a gasar cin kofin duniya ta Katar sai su rantse maka da Allah cewa ƙwallon nan ta fita. Ranar 1 ga Disamba 2022 ce, ƙwallo ta gangara za ta bar fili ta gefen raga, Kaoru Mitoma ya bi ta a guje ya zame ya maido ta tsakiya, Ao Tanaka ya tura ta raga. Da farko an ce ta fita, masu VAR suka daɗe suna dubawa sannan aka ce ci ne, Japan ta yi nasara 2-1, ita kuwa Jamus duk da ta doke Kosta Rika 4-2 a wannan daren sai da ta haɗa kayanta ta koma gida. Hoton da ya yi ta yawo a wayoyi kowa ya gan shi, ga farin layi, ga koriyar ciyawa a tsakani, ga ƙwallo can gefe guda. An ce gani ya kori ji, to ga shi mun gani, me kuma za a faɗa mana?

Abin da za a faɗa mana shi ne ƙwallo ba faifai ba ce, dunƙulalliya ce, cikinta ya fi gindinta faɗi nesa ba kusa ba. Kewayen ƙwallon ƙafa santimita 68 zuwa 70 ne, faɗinta kenan wajen santimita 22, amma ɗan wurin da take taɓa ƙasa da shi bai taka kara ya karya ba. Ka gwada da kanka, ka ja layi a ƙasa da alli, ka ajiye ƙwallo bayan layin da kamar yatsa uku, ka ja da baya ka ɗauki hoto a karkace, wallahi za ka ga fili tsakaninta da layin kamar ta fita tuntuni. Sai ka dawo ka tsaya daidai kanta ka leƙo ta sama, za ka ga tumbinta ya lulluɓe layin. To doka ta 9 a dokokin ƙwallon ƙafa da hukumar IFAB ke rubutawa cewa ta yi ƙwallo ba ta fita ba sai dukkanta ta tsallake layi, a ƙasa take ko a sama. Ba a tambayar ina gindinta ya taɓa. Ka ɗauka an gina bango a tsaye daga bakin layin na waje har sama, in dai akwai ko ƙwayar zarra ta jikin ƙwallon da ba ta wuce bangon nan ba, wasa na ci gaba.

Ni abin da na lura da shi shi ne yawancin musun da ake yi a kan fita ko ba ta fita ba, asalinsa mun manta cewa layi yana da kauri. A takarda layi zare ne kawai, amma a fili fenti ne mai faɗi, a ƙwallon ƙafa yana iya kaiwa santimita 12, a ƙwallon kwando da ƙwallon raga santimita 5, a badminton 4. Wannan ɗan farin yankin dole a ba wani shi, ko na ciki ko na waje, kuma kowane wasa da yadda ya raba. Bayan nan sai a zo kan wa ake yi wa hukuncin, ƙwallon ko ƙafar mai wasan, sannan shin sama tana cikin lissafi ko sai abin da ya taɓa ƙasa. Mutum ya haddace amsar wasa ɗaya sai ya ɗauke ta ya kai wani wasan, alhali kama da wane ba ta wane.

A ƙwallon ƙafa layi na yankin da ya kewaye ne, kuma wannan jimla ɗaya tak tana warware abubuwa da yawa da ake ta da jijiyar wuya a kai. In aka yi wa ɗan wasa ƙeta daidai kan layin yadi 18, fenariti ne, saboda layin ɓangare ne na da'irar. In mai bugun kwana ya ajiye ƙwallo kamar a wajen ɗan bakan nan na kusurwa, 'yan kallo na ta ihu, mataimakin alƙali ya leƙa ya ƙyale shi, ba son kai ba ne, tumbinta na kan layin. Gola zai iya kwanciya duk jikinsa a wajen da'ira amma hannunsa na riƙe da ƙwallon da ke kan layi, babu laifi, domin inda ƙwallon take ake dubawa. Haka ɗan wasan gefe zai iya fita waje gaba ɗaya a guje ya zagaye mai tsaron baya ya dawo ya tarar da ƙwallonsa, ba wanda zai hura masa usur. Ko mai jifa ma an yarda ya taka layin gefe, sharaɗin kawai wani ɓangare na kowace ƙafa ya kasance a kan layin ko a bayansa.

Dokar da ta ceci Japan kuma ita ce dai take hana ci a bakin raga, don nan ma sai dukkan ƙwallo ta wuce. Ranar 3 ga Janairu 2019 Manchester City da Liverpool, ƙwallo ta daki golan City Ederson ta nufi raga, abokin wasansa John Stones ya kwashe ta a kan layi, na'ura ta nuna abin da ya rage ta gama shiga bai wuce milimita 11 da ɗoriya ba. City ta ci wasan 2-1, a ƙarshen kaka ta ɗauki kofin da maki 98, Liverpool na da 97, kuma wannan ne kaɗai wasan lig da Liverpool ta yi rashin nasara a kakar. Ba zan ce milimita 11 ce ta ba da kofi ba, wasa 38 aka buga, amma duk wanda ya kalli hoton nan ya san bai kamata a ɗora wa idon ɗan Adam irin wannan awo ba. Ido ba mudu ba ne, kima kawai ya sani.

Yanzu ka shiga filin ƙwallon kwando ka ga komai ya juye. Nan layin gefe da na ƙarshe duk waje ne, shi ya sa ma mita 28 da 15 na filin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, daga bakin layin na ciki ake auna su. In kana riƙe da ƙwallo diddigenka ya shafi layi ko da gefen takalmi ne, shikenan ka fita, ƙwallon ma ta fita tare da kai ko da hannunka ya miƙa ta can cikin fili. Amma sama kuma kyauta ce. Dokar ta ce mai wasan da ke sama ana lissafa shi ne a inda ƙafarsa ta taɓa ƙasa na ƙarshe, to shi ya sa za ka ga ƙato ya daka tsalle daga cikin fili ya bi ƙwallon da ta riga ta wuce layi da mita guda, ya cafke ta a sama ya wurgo ta baya kafin ya faɗa kan kujerun 'yan kallo, kuma wasa ya ci gaba. A ƙwallon ƙafa da tuni an ba da jifa.

Me ya kawo wannan bambancin? A ganina amsar tana cikin yadda ake tafiyar da ƙwallon. Wanda ke wasa da ƙafa ba ya riƙe ƙwallo, taɓa ta yake ta yi gaba ya bi ta, ita daban shi daban, saboda haka ita ya kamata a sa wa ido. Wanda ke wasa da hannu kuwa yana rungume ta, shi da ita sun zama abu ɗaya, da a ce ƙwallon kawai ake dubawa sai mutum ya koma wajen fili ya tsaya inda ba mai iya tare shi ya miƙo hannu ciki. Kuma ga alƙali ya fi sauƙi ya kalli tafin ƙafa a kan fenti da ya tsaya auna ƙwallon da ake ta jujjuyawa a sama. Ba zan ce hujjar nan ta hau kan kowane wasa ba, ƙwallon hannu alal misali da hannu ake yinta amma wajen fita da ci ta bi tsarin ƙwallon ƙafa, sai dukkanta ta tsallake. Duk da haka in ka riƙe ta za ka iya cankar dokar yawancin wasanni tun kafin a gaya maka.

Tsananin da ake yi wa ƙafa a ƙwallon kwando bai tsaya a iyakar fili ba. Layin maki uku na yankin maki biyu ne, in ka taka shi jifarka ta koma biyu. Kevin Durant ya ɗanɗana wannan a 2021, wasa na 7, wato na raba gardama, tsakanin ƙungiyarsa Brooklyn Nets da Milwaukee Bucks, saura kamar daƙiƙa ɗaya ya juya ya jefa ta shiga, kowa ya ɗauka uku ce an gama, ashe kan takalminsa na bisa layi. Biyu aka rubuta, aka yi kunnen doki 109-109, aka shiga ƙarin lokaci Bucks ta ci 115-111, daga nan ta wuce har ta ɗauki kofin NBA na shekarar. Kuma ka duba kusurwar fili inda ake yawan jefa ukun nan, a ma'aunin FIBA santimita 90 ce kacal tsakanin layin uku da layin gefe, mutum mai doguwar ƙafa dole ya cusa takalmansa a wannan ɗan tsukin, gaba layi baya layi, ga mai tsaro na tahowa da gudu, duk ba tare da ya kalli ƙasa ba. Ni wannan gwanintar tana burge ni fiye da jifar kanta.

Zari-ruga ta haɗa duka biyun a fili ɗaya. Layin gefe waje ne, mai ɗauke da ƙwallo ya taɓa shi ya fita, amma layin ci na yankin ci ne, in ka danna ƙwallo a kansa ka ci. Ƙwallon Amurka ma haka, gefe waje, amma a layin ci ko kan ƙwallon ne ya leƙa saman layin tana hannunka an gama, ba sai ta wuce duka ba, kishiyar ƙwallon ƙafa kenan sak. Sannan mai cafke ƙwallo a bakin layi a NFL, gasar ƙwararru ta wasan, sai ya sauke ƙafa biyu a ciki, a wasan jami'o'i kuwa ɗaya ta isa.

Wasannin da ake raba fili da raga a tsakiya, wato tanis da ƙwallon raga da badminton, su ba ruwansu da inda mai wasa yake tsaye lokacin da ake musayar bugu, ba ruwansu kuma da inda ƙwallo ta bi a sama, inda ta sauka kawai suke tambaya. In ta shafi layi ko da gashin jikinta ne, ciki ce. Filin tanis mita 23.77 ne a tsayi, faɗinsa 8.23 in mutum ɗaya-ɗaya ne, 10.97 in bibbiyu ne, kuma daga bakin layin na waje ake aunawa, ka ga layin yana cikin kuɗin kenan. Har ma an yarda ka bugo ƙwallo ta zagayo ta wajen sandar raga, ƙasa da tsayin ragar ma, in dai ta sauka a filin abokin karawarka maki naka ne. Ƙwallon raga ce ta ce ita ba ta yarda da wannan ba, sai ta kafa 'yan siraran sanduna biyu masu ja da fari a gefen raga da suka ɗara ta da santimita 80, dole ƙwallo ta tsallaka ta tsakaninsu, in ta taɓa ɗaya ta fita. Wato sun ɗauki layin gefe sun miƙar da shi tsaye.

Sai dai kalmar "ta taɓa" ɗin nan ba ta da sauƙi yadda ake zato. Ƙwallon tanis da aka bugo da gudun kilomita 200 a awa ba ta sauka a ɗigo ɗaya, tana lotsewa ta ɗan zame sannan ta tashi, sawun da take bari dogo ne kamar ƙwai. A filin jar ƙasa irin na Roland Garros a Faransa ana ganin sawun da ido, alƙali ya sauko daga kujerarsa ya sunkuya ya nuna da yatsa, wani lokacin ma rigimar ta koma kan wane sawun ne na wannan bugun a cikin sawaye barkatai. A filin ciyawa da na siminti babu wannan gatan. Kuma layin da yake abokin ƙwallo shi ne abokin gabar ƙafa, mai bugun farko in ya taka layin baya kafin ya bugi ƙwallo ya yi laifi. Abin da aka kira wa Serena Williams kenan a wasan kusa da na ƙarshe na US Open a 2009 da Kim Clijsters, ta fusata ta yi wa mai kula da layin faɗa, aka ci ta tarar maki, makin nan kuma shi ya ƙare wasan.

Kurket kuwa nata daban ne, iyakar fili ita ce abin da mai bugu yake nema. Ƙwallo ta gangara ta kai igiyar da ke iyakar maki 4, ta tsallake a sama maki 6. Mai tsaro in ya cafke ta a sama mai bugu ya fita daga wasa, amma in yana riƙe da ita ƙafarsa ta taɓa igiyar, cafkar ta tashi a banza an ba da 6. Haka ta faru da Trent Boult na Niyu Zilan a wasan ƙarshe na kofin duniya ranar 14 ga Yuli 2019 a filin Lord's da ke Landan, ya cafke bugun Ben Stokes daf da ƙarshe, ya ja taku ɗaya baya ya taka iyakar. Wasan ya ƙare 241-241, aka ƙara zagaye na musamman nan ma kunnen doki, sai aka ba Ingila kofi don ta fi yawan kai ƙwallo iyaka. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa hukumar kurket ta duniya ICC ta soke wannan hanyar raba gardama a shekarar.

To ina na'ura ta shigo? Kusan kowane wasa sai da aka yi wani babban kuskure a idon duniya kafin a yarda da ita. A tanis wasan Serena da Jennifer Capriati ne a US Open na 2004, inda aka kira mata ƙwallaye waje alhali suna ciki, zuwa 2006 aka fara bai wa 'yan wasa damar ƙalubalantar hukunci da Hawk-Eye, na'urar da ke bin sawun ƙwallo da kyamarori. A ƙwallon ƙafa bugun Frank Lampard na Ingila ne ranar 27 ga Yuni 2010 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, ta daki sandar sama ta sauka can cikin raga ta fito, da an ba da ita da an koma 2-2, ba a bayar ba Jamus ta ci Ingila 4-1. IFAB ta amince da na'urar layin raga a Yulin 2012, Firimiya ta fara amfani da ita a kakar 2013-14, kofin duniya kuma a Birazil 2014. Kyamara bakwai ake saitawa kan kowace raga, in ƙwallo ta wuce agogon hannun alƙali ya yi rawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Na yarda da na'urar nan ɗari bisa ɗari a kan idon mutum, amma ya kamata mu san mece ce. Hoton da ake nuna mana na ƙwallo a kan layi ba hoton gaske ba ne, zane ne da kwamfuta ta lissafa daga abin da kyamarori suka gani, kuma yana da ɗan kuskurensa na 'yan milimitoci. Tana kuma iya makancewa. Ranar 17 ga Yuni 2020, wasan farko da aka dawo Firimiya bayan hutun korona, golan Aston Villa Orjan Nyland ya faɗa cikin ragarsa rungume da ƙwallo kowa na gani, agogo bai yi motsi ba, kamfanin ya ba da haƙuri ya ce gola da mai tsaron baya da sanda sun tare kyamarorin, wasan nasu da Sheffield United ya tashi 0-0, Villa kuma ta tsira daga faɗuwa da maki ɗaya. Gasar tanis ta Wimbledon ma da ta sallami masu kula da layi a 2025 bayan shekara 147, a gasar farko aka kashe na'urar bisa kuskure ana tsakiyar wasan Anastasia Pavlyuchenkova da Sonay Kartal, ƙwallo ta fita a fili ƙarara ba wanda ya kira, aka ce a sake bugawa. Abin da ya dame ni a duka biyun shi ne mutanen da ke wurin sun saba jiran na'ura har sun daina yarda da abin da suka gani, alhali kuskuren irin wanda ido ke iya kamawa ne.

Babban giɓin da ya rage a ƙwallon ƙafa kuma shi ne na'urar layin raga tsakanin sanduna biyu kawai take aiki, mita 7.32 a layin da yawanci yake kai mita 68. Daga sanda zuwa tutar kwana, da dukkan layin gefe, har yau a yawancin gasanni aikin mataimakin alƙali ne, mutumin da aka ce ya tsaya daidai mai tsaron baya na biyun ƙarshe don satar gida, kuma a lokaci guda ya san ko tumbin ƙwallo ya bar layi a ɗaya gefen ragar, bayan sanduna da ƙafafun mutane. Japan ta yi sa'a akwai kyamarar da ke kallon layin a miƙe. A Nuwamban 2023 da Newcastle ta ci Arsenal 1-0, Joe Willock ya tsamo ƙwallo a kan irin wannan layin kafin Anthony Gordon ya ci, masu VAR suka duba suka ce ba su da hoton da zai tabbatar ta fita, aka bar hukuncin fili yadda yake. Ban ga laifinsu ba, abin da ƙa'idar VAR ta ce kenan, ba a soke hukunci sai da hujja bayyananniya. Laifin na waɗanda suka kashe kuɗi a kan mita 7 suka bar sauran ne, alhali ƙwallaye da yawa a wasan yanzu daga nan suke fitowa, ɗan gefe ya kai har layi ya maido ta baya. Kyamara ɗaya a kowace kusurwa mai kallon layin a miƙe, daga tuta zuwa tuta, da ta raba gardamar Willock a cikin daƙiƙa goma.